Ruwan da Ya Hau Sama: Tarihin Wanka da Zuwan Shawa a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega a 'yan shekarun nan, da ya iso Dogon Daji ko Tambuwal zai ga wani abu da iyayensa ba su saba gani ba: baƙaƙen tankunan roba a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, suna leƙowa ta bayan katangu. Kowane tanki shaida ne cewa a wannan gida ruwa ya daina zuwa a kan 'ya'ya mata, ya koma zuwa ta bututu. A ƙarshen bututun kuwa, galibi akwai shawa.

Sai dai ba baƙon abu ba ne a shiga banɗakin da aka kashe wa kuɗi, tayil har sama, a tarar da kan shawar ya bushe ya yi fari, a ƙarƙashinsa kuma an girke bokiti da moɗa. Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne kayan jabu ne, ko mai gyaran famfo ne ya yi ha'inci. Wani lokaci haka ne. Amma tushen matsalar ya fi haka tsufa. Shawa ƙarshen wata doguwar igiya ce da ta faro daga ƙarƙashin ƙasa, kuma kusan kowane ƙulli na wannan igiya yana da tarihinsa a wannan yanki.

Wanka ya riga famfo

Tambuwal na cikin garuruwan da suka yi ƙarfi bayan jihadin 1804. Muhammadu Buhari, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya zauna a nan ya riƙe garin a matsayin ribaɗi mai tsaron kudancin Sakkwato. Ribaɗi ya haɗa masu yaƙi da malamai da almajirai da manoma, kuma karatun farko da ake ɗora yaro a kansa bayan allo shi ne tsarki. Ahalari, Ishmawi, Iziyya da Risala duk sun ba wa hukuncin ruwa da alwala da wanka wuri tun a farko-farkonsu. Saboda haka tun kafin a ga bututu ko guda a ƙasar, mutumin ƙauye ya san wankan janaba da na Juma'a da na Idi, matarsa ta san na haila da na biƙi, kowa kuma ya san ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da wani baƙon abu ba ya ɗauke hadasi.

Abubuwa biyu daga wannan karatu sun shafi zancen shawa kai tsaye. Na farko, a mazhabar Malikiyya cuɗa jiki da hannu farilla ne a wanka, daidai da niyya da game jiki da ruwa. Tsayuwa kurum ruwa na zuba bai wadatar ba. Na biyu shi ne ma'auni. Hadisi ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda, ya yi wanka da sa'i guda zuwa mudu biyar. Sa'i shi ne mudannabi huɗu, awon da kowa ya sani a zakkar fid-da-kai, kuma a mafi yawan ƙiyasi ruwan wankan bai wuce lita 3 zuwa 4 ba. Shehu da kansa, a littafinsa Ihya'us Sunna, ya lissafa yawan kwarara ruwa cikin bidi'o'in da suka shiga wanka. A ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, addini da yanayi sun yi magana da murya guda: a tsabtace jiki sarai, da ruwa kaɗan.

Makewayi da hikimarsa

Tsohon gidan Bahaushe ya warware matsalar wanka ta hanya mai sauƙi: ya nesanta ruwa daga ɗakin kwana. Makewayi yana can ƙuryar gida, an kewaye shi da zana ko gajeriyar katanga, ba rufi. Ana shimfiɗa duwatsu ko fasassun tukwane inda za a tsuguna, a huda rariya a gindin katanga don ruwa ya fita. Kayan aikin su ne kwatarniya ko masaki, ƙwarya ta ɗiba, soso, da sabulun salo. Ruwan kuwa daga randa ake kamfato shi, bayan an jawo shi da guga an ɗauko a tulu.

Wannan tsari yana da dabara. Ginin ƙasa abokin gabarsa danshi ne, shi ya sa ba a yarda ruwa ya kwana kusa da bangon ɗaki. Rashin rufi ya bar wa rana aikin busar da wuri da kashe wari. Ƙarancin ruwan da ake zubarwa ya sa ƙasa na shanye shi kafin ya taru. Babu abin da zai toshe wanda tsinke ba zai buɗe ba, babu kuma abin da zai lalace wanda sai an je birni neman madadinsa.

Yana kuma da aibinsa, bai kamata a yi masa kwalliya ba. Ruwan rariya yakan kwanta a lungu ya zama makwancin sauro. Tsoho ko mara lafiya na shan wuyar tsuguno. Mafi nauyi duka, kowace ƙwaryar ruwa da aka watsa a jiki wani ne ya ɗauko ta, kuma wannan wanin yawanci yaro ne, ko yarinya, ko matar da ba ta kulle, ko ɗan ga-ruwa da a da yake saɓa garwa biyu a sanda, yau kuma yake tura kura cike da jarkoki.

Rijiya, tafki da gulbi

Ƙasar Tambuwal da Kebbe tana cikin babban kwarin Sakkwato, wanda ƙarƙashinsa shimfiɗu ne na yashi da laka da farar ƙasa, wasu na riƙe ruwa da yawa. Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya nufi Jega, yana ratsa yankin da fadamunsa. Wanda ke kusa da fadama ruwa na kusa da shi. Wanda ke kan tudu sai ya haƙa da nisa, in kuma rani ya tsananta ya koma ga tafki.

Tafki kuwa ya ci mutane. A cikinsa yara ke ɗaukar tsargiya wajen wanka da iyo, har wasu suka ɗauki fitsarin jini alamar balaga. Daga ruwansa ake shan kurkunu, mai ciwon kuma ya dawo ya tsoma ƙafarsa don jin sanyi, ya sake zuba ƙwayayen a ciki. Lokacin da aka yi ƙidayar farko ta ƙasa baki ɗaya a 1988, an samu masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya, jihar Sakkwato na cikin wuraren da cutar ta yi katutu. An ga mai cutar na ƙarshe a ƙasar a 2008, a jihar Enugu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kawar da ita a 2013. Matatar ƙyalle da rijiyoyi masu tsabta su suka yi wannan aiki.

Hannun hukuma a harkar ruwan karkara ya faro ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903, amma sai wajen shekarun 1930 aka dage da haƙa rijiyoyi masu zoben kankare a Lardin Sakkwato, ƙarƙashin ma'aikatar binciken ƙasa da En'e. A daidai wannan zamani, cikin 1931, Kano ta buɗe gidan ruwanta na Challawa. Tazarar birni da ƙauye ta fara daga nan: birni na samun famfo, ƙauye na samun rijiya. Farin farkon shekarun 1970 ya sa aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, aka gina madatsun Bakolori da Goronyo, waɗanda galibin amfaninsu noman rani ne da ruwan manyan birane. Hukumar DFRRI da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986, da PTF a shekarun 1990, sun watsa rijiyoyin burtsatse da famfunan tuƙa-tuƙa a karkara.

Duk waɗannan sun kusanto da ruwa zuwa bakin unguwa. Ba su shigar da shi cikin gida ba, kuma lissafi ya nuna dalili. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Tambuwal na da mutum fiye da 220,000, Kebbe kuma fiye da 120,000 a filin da ya fi na Tambuwal faɗi nesa ba kusa ba. Jan bututu daga Kebbe zuwa Kuchi, ko daga Tambuwal zuwa Sanyinna da Jabo, gida-gida, tare da injin da zai riƙa tura ruwan dare da rana, aiki ne da ke bukatar kuɗi da wutar da ba ta yankewa. Wannan gurbi shi mai hali ya cike da kansa.

Inda shawa ta fito

A Turai ma shawa ba ta fara a matsayin kayan jin daɗi ba. Wani Bature mai suna William Feetham ya yi rajistar ƙirarsa a Landan a 1767: famfon hannu da ke tura ruwa zuwa wani mazubi a sama, mutum ya ja igiya ya zubo masa, sannan a sake tura wannan ruwan dai. Ba ta karɓu ba, don ba wanda ke son maimaita ruwan dauɗarsa. Wadda ta yaɗu ita ce ta likitan kurkukun Rouen a Faransa, François Merry Delabost, wanda a wajen 1872 ya tsara yadda za a wanke fursunoni da yawa cikin ɗan lokaci da ruwa kaɗan. Daga kurkuku ta shiga barikin soja, daga nan ta shiga gidajen wankan talakawa. Abin lura a nan: a Turai an rungumi shawa ne don ta fi bahon wanka tsimin ruwa, domin baho na cin lita ɗari ko fiye. A ƙasar Hausa kuwa abin da ta tarar bokiti ne, kuma bokiti ya fi ta tsimi.

Ta shigo Arewa ta ƙofar hukuma: gidajen Turawa na bariki, asibitoci, makarantun kwana, masaukin baƙi, da gidajen ma'aikata. Arzikin man fetur da kuɗin Udoji na 1975 suka sa albashi ya fara zama bulo da siminti da kwano. Alhazai da 'yan kasuwa da ɗaliban da suka zauna Kaduna da Legas da Makka suka dawo da sha'awar ɗaki mai banɗaki a ciki. Amma a gari irin Tambuwal sha'awa kaɗai ba ta fitar da ruwa daga bango. Sai da abubuwa huɗu suka sauko inda hannun mai matsakaicin ƙarfi zai kai: injin haƙa burtsatse na 'yan kasuwa, ƙaramin injin da ake zurawa cikin rijiya wanda masu sana'a ke kira sumo, tankin roba, da bututun roba mai araha. Na biyar ya zo daga baya, wato farantan sola, waɗanda suka ƙara daraja bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, lokacin da tayar da janareta don cika tanki ya zama abin lissafi.

Ma'anar wannan ita ce kowane gida mai shawa a yankin ƙaramin gidan ruwa ne mai zaman kansa. Maigida shi ne injiniya, shi ne mai gwajin ruwa, shi ne mai kula da magudana, ko ya sani ko bai sani ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Inda igiyar ke tsinkewa

Ƙulli na farko tsayi ne. Ƙarfin ruwan shawa ba daga girman tanki yake zuwa ba, daga tazarar da ke tsakanin saman ruwan tanki da kan shawa yake zuwa. Idan gindin tanki na mita 4 daga ƙasa, kan shawa kuma na mita 2, to in tanki ya kusa ƙarewa tazarar mita 2 ce kacal. Faffaɗan kan shawa mai kama da faranti, wanda ake yayi yanzu, yawanci an ƙera shi ne don matsin da ya yi daidai da tsayin mita 10 ko fiye. A ɗaura shi a ƙarƙashin gajeren tanki, sai ya riƙa ɗiga kamar indararo bayan an ɗauke ruwa. Maganin ɗaya ne cikin uku: a ɗaga tanki, a sa ƙaramin injin ƙara matsi, ko a sayi ƙaramin kai da aka yi don ruwa mara ƙarfi, a kuma sauko da bututu mai faɗi ba tare da yawan kwana ba. Na ukun ya fi araha, kuma shi aka fi rainawa.

Ƙulli na biyu halin ruwan ne. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da ita shimfiɗa ce da ta miƙe a ƙarƙashin wani sashe na kwarin Sakkwato. Ruwan da ya ratsa irinta yakan ɗauko alli, ya ajiye shi a ƙananan hudojin kan shawa har su toshe, ya kuma hana sabulu kumfa. Wasu shimfiɗun kuma ruwansu na ɗauke da sinadarin ƙarfe: ya fito garau, ya sha iska ya yi ja, ya rina tayil da fararen kaya. Rijiyoyi biyu a gari guda na iya bambanta gwargwadon zurfinsu. Allin yana narkewa idan aka kwance kan shawa aka jiƙa shi a ruwan khal ko na lemun tsami na dare guda. Jan kuwa sai an bar ruwa ya sha iska ya kwanta, ko a sa matata kafin ya shiga gida. Tsohon bututun ƙarfe da ya yi tsatsa daga ciki ba ya gyaruwa. Sai dai a maye shi da na roba, a kuma binne shi ko a rufe, domin ranar Sakkwato na gasa farin bututu har ya yi ƙamas ya fashe. Ta fuskar tsarki, malaman Malikiyya sun daɗe da bayyana cewa ruwan da ya jirkita da ƙasar da yake kwance a cikinta yana nan da tsarkinsa.

Ƙulli na uku shi ne tankin kansa. Baƙin launi na hana haske shiga, don haka gansakuka ba ta samun rayuwa, amma yana tara zafi. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ruwan la'asar na iya ƙona fatar jariri. Da asubar hunturu kuma ya yi sanyin da ba ya taɓuwa. Rumfa a kan tanki na rage na farko. Ruwa mai ɗumi da ya daɗe a tsaye kuma wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ne, ciki har da Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a wani otal na Filadelfiya ta Amurka a 1976, kuma ta feshin ruwa ake shaƙarta. Murfi mai kyau, wanke tanki sau biyu a shekara, da barin ruwa ya zuba na ɗan lokaci idan an daɗe ba a buɗe shawa ba, su ne kariya. Wanda ya sa hita ta lantarki kuma bai haɗa mata wayar ƙasa da makashin wuta mai katse kansa ba, ya ajiye ajali a banɗaki.

Ƙulli na huɗu shi ne wanda tsohon makewayi ya fi kowa sani: ina ruwan zai tafi? Shawa ta shigo da ruwa cikin bangon da ake kwana a bayansa. Ɗan yoyo a mahaɗar bututu, ko tsaga tsakanin tayil, ya isa ya jiƙa bulo wata da watanni ba a gani ba, sai fenti ya fara kumbura a ɗaki, farin gishiri ya fito a gindin bango. A gidan da aka yi wa ginin ƙasa shafen siminti haɗarin ya ninka, don simintin na ɓoye danshin har ranar da damina za ta ƙarasa aikin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daɓen banɗaki na bukatar gangara ta kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa rariya, da shafen hana ruwa kafin a ɗora tayil, da gwada bututu da ruwa kafin a rufe shi da siminti. A waje kuma, ramin sokawe da na masai su nisanci rijiya da aƙalla mita 30. A tsohuwar unguwa mai matsattsun gidaje wannan tazara na nufin shawara da maƙwabci, domin ramin wani na iya zama ruwan shan wani. Annobar amai da gudawa ta 2021, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Sakkwato na cikin jihohin da ta fi taɓawa, ta nuna abin da ke biyo bayan haɗuwar ruwan sha da ƙazanta.

Abin da ya rage a hannun bokiti

Akwai wankan da shawa ba ta karɓe ba. Wankan jego na kwana arba'in har yau na tukunya ne da itace da ganye, a hannun ungozoma ko uwa. Likitocin Zariya sun danganta shi, tare da kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta, da ciwon zuciyar bayan haihuwa tun shekarun 1970, binciken baya-bayan nan daga Kano kuma ya ƙara nuna rawar talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki. Wankan gawa da na jariri ma na ƙwarya ne da hannu.

Babban abin da bokiti ya riƙe shi ne awo. Mai wanka da bokiti yana ganin ruwansa na raguwa. Mai shawa ba ya gani. Dokar Amurka ta 1992 ta ƙayyade kan shawa kada ya zubar da fiye da lita 9.5 a minti guda. Da wannan awo, wankan minti biyar ya kai lita 47, kusan jarka biyu mai cin lita 25, ya kuma ninka fiye da sau biyu lita 20 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ke bukata a yini. Gida mai mutum goma, kowa na wanka sau biyu a bazara, zai kusa kwashe tankin lita 1,000 a wanka kaɗai. Ruwan nan daga shimfiɗa guda yake fitowa da na rijiyar unguwa, kuma inda burtsatse suka yi yawa a kan shimfiɗa mara zurfi, gugar talaka ce ke fara taɓa laka.

Saboda haka gyara mafi amfani da za a yi wa shawa a Tambuwal ko Kebbe ba ya cikin masu tsada: ƙaramin kai mai tsimin ruwa, makunni kusa da hannu don a rufe yayin saɓa sabulu da cuɗawa, famfon ƙasa don cika bokiti ranar da tanki ya yi ƙasa, ƙarfen dafawa da tayil mara santsi saboda tsofaffi, da jan ruwan wanka zuwa gindin dogon yaro maimakon lungu. Shawa ta sauke tulu daga kan yarinya ta ba ta lokacin zuwa makaranta, wannan kuwa alheri ne da ba mai musunsa. Za ta ɗore ne a gidan da ya haɗa ta da abin da ɗaliban Ahalari da magina makewayi suka sani: ruwa a auna shi, a kuma san inda zai kwana.